Taku Arba'in a Motar Yaya Bawa

Shekara goma sha biyu ke nan cif da muka ɗauki wana, Yaya Bawa mai ƙera jirage, muka kai shi makwancinsa a Yelwa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama nakan ɗauko takarda in ce bana zan rubuta wani abu a kansa, sai in yi layi biyu in ninke. Bana dai ba ni da wurin ɓuya, don mako uku da suka wuce aka fitar da motarsa daga gida, kuma ni ne na ce a fitar. Wanda ya san Yelwa ta da ya san motar da nake nufi. Wanda bai sani ba ya yi haƙuri ya saurara, tsoho ne ke magana, kuma abin ya daɗe yana cina.

Mu 'yan bakin kogin Kwara ne tun kaka da kakanni. Ƙauyen da aka haife mu yana kwance a ƙarƙashin tafkin Kainji, da rijiyarsa da tsamiyoyinsa da kabarin babanmu. Lokacin da za a tare ruwa aka turo masu awo suna kafa turaku suna nuna inda ruwa zai kai. Yaya yana saurayi a lokacin, shi ke tuƙa su a kwalekwale daga wannan gaɓa zuwa waccan. A nan ya fara ganin motar. Wani Baturen awo ne ya zo da ita, ya ajiye a inuwar wata ɗorawa ya shiga jirgin Yaya. Ranar sau biyu yana kusan kai su kan dutse, don yana tuƙi yana waiwayen tudu. Ni ina firamare, na tuna da ya dawo gida bai taɓa tuwonsa ba sai da ya zana mini ita a ƙasa da tsinke, ya share, ya sake zanawa, yana cewa bayan ne bai samu daidai ba.

Ƙirar Amurka ce, ta zamanin da ba a rowar ƙarfe. Tsawonta, idan za ta sha kwana a kasuwa sai masu tire sun janye kayansu. Jikinta launin ganyen albasa sabon tsiro, rufinta fari. Fitila huɗu a gaba, bamba mai sheƙi da mutum zai iya gyara zaman hularsa a ciki, gilashin gaba ya lanƙwaso ya rungumo gefe da gefe, tayoyi masu farin baki. Kujerar gaba guda ɗaya ce doguwa tun daga wannan ƙofa har waccan, giya a wuyan sitiyari, sitiyarin kuma a hagu tun ƙasar nan ba ta koma tuƙin dama ba. Amma abin da ya kama Yaya shi ne layin gefenta. Yana tasowa daga fitila, ya ɗan kwanta wajen ƙofa, sannan ya yi ta hawa a hankali har ya ƙare a wutsiya biyu masu tsini, kamar ƙayar bayan kifi. Masunta suka sa mata Giwan Ruwa, sunan kuma ya bi ta.

Bature ya gama awonsa ya tafi, motar ta faɗa hannun wani Alhaji mai fataucin busasshen kifi. Ya yi yayinsa da ita har ya gaji da shan man da take yi. Kafin nan an tashe mu, mun zo Yelwa, Yaya ya kafa rumfar ƙira a bakin ruwa, ya auri Kulu. Sai kawai muka ji sun yi musaya da Alhaji: manyan jirage biyu, aikin wata bakwai, a bakin mota. Gari ya ɗauka Bawa ya zare. Mutumin da bai iya tuƙin mota ba! Kuma gaskiya ce, bai iya ba, bai kuma taɓa iyawa ba. Sau ɗaya ya gwada a filin makaranta, ya nufi rumbun maigadi gadan-gadan yana jan sitiyari baya kamar mai tsayar da jaki. Ya fito yana gumi ya ce hannun da ya saba da filafili ba zai koyi wannan ba. Ni kuwa na gama kwalejin malamai, na ɗan koyi tuƙi wurin direban makaranta. Daga ranar na zama direba, shi kuma ya zauna a dama, gwiwar hannunsa a kan taga.

Shekara uku muka yi a haka, kuma ban taɓa shekaru masu daɗinsu ba. Ran Juma'a mu je masallaci a hankali, don Yaya ba ya son gudu, yana cewa wanda ya yi gudu da wannan mota ya hana mutane haƙƙin idonsu. Amare nawa muka kai ɗakinsu kyauta, ban sani ba. Wata rana muka ɗauki Inna muka kai ta wajen Wara, don ta ce tana son ta ga inda garinmu yake. Ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofar mota ta ɗora su a cinya, ta ce ba a shiga ɗakin mutane da takalmi. Da muka isa ta fito ta tsaya tana duban ruwa har rana ta karkata, sannan ta miƙa hannu ta nuna wani wuri da ba shi da bambanci da sauran, ta ce can ne. A hanyar dawowa ba abin da nake saurare sai ƙarar injin nan a ƙasa-ƙasa, mai fulogi takwas, wadda ko yanzu na rufe ido ina jin ta.

To, ga inda na shigo da wayona. A shekarun nan injin jirgi ya fara yawa a tafki, masu shi suna kwashe 'yan kasuwa su bar masu filafili a baya. Ni kuma ɗan boko, kaina cike da lissafin da ba wanda ya tambaye ni. Na ce wa Yaya ga inji nan a gida mai ƙarfin doki ɗari da wani abu yana zaman banza kwana shida a mako, me zai hana a ɗora shi a babban jirgi ya riƙa jigilar albasa zuwa Wara? Aro ne kawai, na kaka ɗaya, a mayar. Ya ce a'a. Na koma, ya ce a'a. Na bi ta wurin Inna, na bi ta wurin abokansa, na yi ta zuba masa Turanci har ya gaji. Ranar da makaniki ya zo da sarƙa ya ɗaga injin, Yaya bai tsaya ba, ya tafi bakin ruwa ya wuni can.

Tafiya biyu muka yi lafiya, ina ta hura hanci. A ta uku ruwa ya ja baya. Yaya ya gargaɗe ni da safe cewa kada in yanke ta gabas da tsibiri, akwai itatuwan da ruwa ya ci suna tsaye a ƙasa, in bi zagaye ko da zai ɗauke ni rabin wuni. Na ce to, na je na yanke. Ban ga kututturen ba, ƙararsa kawai na ji. Jirgi ya tsage daga ciki, nauyin inji ya ja gindinsa ƙasa, kafin in gama salati muna cikin ruwa ni da makaniki da buhunan albasa. Masunta suka tsamo mu, ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Injin kuwa ya tafi. An yi nutso kwana uku ba a ko taɓa shi ba, yana can har yau tare da tsamiyoyinmu.

Yaya ya same ni a gaɓa ina rawar sanyi. Ya tuɓe rigarsa ya yafa mini. Na jira ya zage ni, wallahi da ya kwaɗa mini mari da na fi samun sauƙi, amma ko ɗaga murya bai yi ba. Na ce masa, "Yaya, zan mayar maka da inji. Sai na sake tuƙa ka a motar nan." Ya ce, "To, Isa." Iyakar abin da ya ce ke nan, ranar da kuma bayanta.

Alkawarin nan shi na sa a gaba. Duk hutun makaranta ina hanya. Na je Kontagora, na je kasuwar tsofaffin ƙarafa a Kaduna, na je har Ibadan ina yawo da lambar inji a takarda, masu kaya suna dubana suna dariya, suna cewa irin wannan ai sai a hoto. Sau ɗaya na samo injin wata a-kori-kura na kawo a bayan tirela. Makaniki ya duba ya ce zai zauna, amma sai an yanke ƙirjin motar an faɗaɗa. Yaya ya ce ba mai sa mata wuta yana raye. Na ji haushi ƙwarai, na ce a raina mutumin nan so yake in mutu da abin a wuyana. Aka tura ta ƙarƙashin rumfa a can ƙuryar gida, daga baya aka ja katanga aka rufe wurin da ta shiga.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa faɗa wa kowa ba. Daga shekarar nan ban sake taka ƙuryar gidan Yaya ba. Ba mu yi faɗa ba, kada wani ya ɗauka haka. Aiki ya kai ni Shanga, ya kai ni Ngaski, ya dawo da ni Yelwa, kuma duk Juma'ar da nake gari sai na je gaishe shi. Amma iyakata zaure. Mu gaisa, mu yi zancen ruwa da tsadar katako, idan la'asar ta yi mu yi salla, sai ya miƙe ya ce, "Shigo daga ciki mu zauna." Ni kuma in ce ana jirana. Wata rana taron malamai, wata rana baƙi, wata rana ciwon kai. Na rantse a raina ba zan tsaya gaban motar nan hannu rabbana ba, sai ranar da na zo da inji. Bakin ruwa ma na daina zuwa, jirgi kuwa ban sake shiga ba. Shekara talatin da biyar yana cewa in shigo, ina cewa ana jirana.

Ciwonsa bai yi tsawo ba. Ran da na je duba shi na ƙarshe, da hantsi, na riƙe hannunsa na sake maimaita masa alkawarin nan kamar wawa, na ce an ba ni labarin wani mai tsofaffin motoci a kudu. Ya dube ni ya yi murmushi, ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai tari ya sarƙe shi. Kwana biyu bayan haka muka yi masa sutura.

Sau da yawa ina zaune a bakin titi ina kallon abin da ke wucewa in ce, da Yaya zai leƙo ya ga motocin yau, me zai ce? Na san abin da zai ce, don tun yana raye ya fara faɗa. Duk sun zama iri ɗaya, kamar sabulun da aka yi wanka da shi ya sha ruwa. Ba ka gane gaba, ba ka gane baya. Ka jingina da ita ta lotsa, bamba roba, fitila kamar idon mai jin barci. Ban ce ba su da amfani ba, sun fi sauri, sun fi sanyi, ba sa shan mai kamar tamu. Amma ban taɓa ganin yaro ya durƙusa yana zana ɗayansu a ƙasa ba. Yaya yakan bi gefen Giwan Ruwa da tafin hannu tun daga fitila har wutsiya, ya ce wanda ya fitar da layin nan bai yi gaggawa ba, kuma ya san za a kalle shi. Yanzu kowa sauri yake, 'yan kabu-kabu sun cika Yelwa, mai mota kuma ya rufe baƙin gilashi don kada a san shi ne, hanyoyin ma da muke bi muna waƙa sai an tambayi lafiyarsu kafin a hau. Ina jin da ya ga haka juyawa zai yi ya koma bakin ruwa.

Wata biyu da suka wuce Nasiru, autan Yaya, ya zo gidana ya durƙusa. An sa masa rana, gidan kuma ya cika, ba inda zai yi ɗaki sai wurin rumfar mota. Ya ce 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun daɗe suna zarya a kan motar, yayyensa duk sun yarda, amma sun ce maganar tana hannun Baba Isa. Na hau shi da faɗa. Na ce ku 'ya'yan yanzu ba ku san darajar komai ba, abin da ubanku ya ba da aikin wata bakwai a kansa za ku miƙa wa masu awon ƙarfe a sikeli? Na ce ina nan ina neman inji. Yaron nan bai ɗaga kai ba, ya bari na gama, sannan ya ce a hankali, "Baba, ko an samu injin, wa za a ɗauka?" Kwana huɗu ban ci abincin kirki ba, a na biyar na aika masa ya kira su.

Kulu ce ta kafa sharaɗi. Matar wana ce, tsakanina da ita wasa ne tun tana amarya, har yau Ɗan Boko take ce mini, ko a gaban jikokina. Ta aiko cewa ba za a yanka motar a cikin gidanta tana gani ba, a fasa katanga a fitar da ita waje tukuna. Kuma Ɗan Boko ya zo da ƙafarsa, in bai zo ba, ba inda motar za ta.

Haka na shiga ƙuryar gidan nan, bayan shekara arba'in da bakwai. Motar tana nan inda aka bar ta, tayoyi sun narke sun manne da ƙasa, koren ya koɗe, tsatsa ta ci ƙasan ƙofofi, kaji sun yi gida inda inji yake. Amma layin nan yana nan yadda yake, wutsiyoyin suna tsaye. Sai na lura gefen hagu duk zane ne, an karce shi da ƙusa, an shafa gawayi, ga wasu ramuka da aka huda a jere. Raina ya ɓaci, na fara masifa ina tambayar wane ɗan banza ne aka bari ya yi mata wannan aika-aika. Wani dattijo mai furfura da ke tsaye gefe ya ce shi ne, shi da maigidansa. Tanko ke nan, wanda ya koyi ƙira a hannun Yaya, yanzu shi ke riƙe da rumfar bakin ruwa. Labari ya kai masa da safe, ya yar da aiki ya taho da mutanensa.

Tanko ya yi mini bayanin abin da kowane mai ƙira a Yelwa ya sani, ni kaɗai ne ban sani ba. Bayan motar ta tsaya, Yaya ya riƙa jiƙa siririn katako ya kwantar da shi a gefenta, ya ɗaure ta ramukan nan, ya bar shi kwanaki har ya bushe ya ɗauki lanƙwasar. Wannan katako shi ne magwajin da yake fitar da gefen jirgi da shi. Idan gara ta ci magwajin ko rana ta karkatar da shi, sai a dawo jikin mota a ɗauki sabo. Shi ya sa ake gane jirgin Bawa tun daga nesa, yadda yake kwanciya a tsakiya sannan bayansa ya tashi a hankali, kuma masunta sun ce ba ya shan ruwa ta baya idan igiyar ruwa ta biyo shi. Tanko ya ce ko bara sun zo sun ɗauka. Ya ce ba su zo hana Nasiru ɗaki ba, gefen hagun nan kawai suke roƙo a bar musu. Ni da na ƙare rayuwata ina koya wa yara su buɗe ido su duba, jiragen nan suna wucewa ta gabana a kan tirela shekara da shekaru ban taɓa ganewa ba.

Aka fasa katanga. 'Yan gwangwan suka ce a ɗaura mata sarƙa babbar mota ta fizgo ta, Tanko ya ce Allah Ya kiyaye, ba a jan abin Bawa a ƙasa kamar mushe. Yadda suke saukar da sabon jirgi ruwa haka za su fitar da ita. Suka ɗaga ta da sanduna, suka jera gumagumai a ƙarƙashi, wanda ya fita ta baya a ɗauko a mayar gaba. Ana shirin turawa sai ga Kulu ta fito da mayafinta na zuwa biki. Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta shiga kujerar baya ta zauna ta ɗora su a cinya. Sannan ta leƙo ta ce, "Ɗan Boko, shiga ka riƙa mata kai. Mota ba ta fita gida babu direba." Kowa ya san sitiyarin ba abin da zai juya a kan gumagumai, amma ba wanda ya yi dariya.

Tanko ya ɗiga wa ƙofa mai, ta buɗe da kuka. Na zauna. Abin da na fara ji shi ne kujerar ta ɗauke ni. Fatar ta bushe ta tsattsage, amma a ƙarƙashina tana nan da ƙarfinta, ba ta lotsa ko kaɗan ba, kamar jiya na tashi daga kanta. Na dubi dama. Can gefen ya zurma ya yi rami, audugar ta fito, an yi masa faci da buhu, an sake yin wani facin a kan facin. A kan taga kuma, daidai inda gwiwar hannu take sauka, fenti ya goge har ƙarfe ya yi santsi yana sheƙi.

Kulu ta yi magana daga bayana, ba ta ɗaga murya ba. "Kullum in ya yi la'asar nan shika zama har magariba, wancan gefe. Ko yara bai bari sun hau inda kake ba. Ya ce wurin direba na Isa ne, yana nan tahe." Sannan ta ƙara da cewa, "Kai kana bin inji gari-gari, shi ko kai shika jira."

Ban iya juyawa na dube ta ba. Na riƙe sitiyari da hannu biyu, Tanko ya yi bisimilla, mutane suka sa kafaɗa. Ta motsa. Gumagumai suna gurnani a ƙarƙashi, katanga ta wuce ta gefena, muka fito rana. Maƙwabta sun cika lungu, tsofaffi suna nuna wa jikoki, wata tsohuwa da muka kai ɗakin miji a motar nan ta rangaɗa guɗa sannan ta fashe da kuka. Daga rumfa zuwa bakin hanya taku arba'in ne, na auna daga baya. Na yi kuka a tafiyar nan irin wanda ban yi ba ranar jana'iza, ban kuma ji kunyar kowa ba. Na tuƙa ta dai kamar yadda na yi alkawari, sai dai gefen dama ba kowa.

Ban tsaya ganin yanka ba. An ce mini sun cire gefen hagun a hankali, daga fitila har wutsiya, Tanko yana tsaye a kansu. Sauran ya tafi a bayan babbar mota. Nasiru ya riga ya sa harsashin ɗakinsa, Allah Ya sa albarka, Ya ba su zaman lafiya. Ba ni da haushinsa ko kaɗan, yaron ya fi ni gaskiya.

Jiya na je bakin ruwa, karon farko tun ranar da aka tsamo ni. Gefen motar yana rataye a rumfar Tanko, an ɗaure wani jiƙaƙƙen katako a jikinsa. Na zauna a kan wani kifaffen kwalekwale ina kallon jirage suna shigowa da kifi da itace da mutane, yanzu da idona ya buɗe sai na riƙa tsinto su ɗaya bayan ɗaya, ga wannan, ga wancan, kowanne bayansa ya tashi a hankali. Wani mutum a wata ƙasa da ba mu san sunansa ba ya zauna ya fitar da layi bai yi gaggawa ba, Yaya ya gani ya riƙe, yau masuntan da ba su taɓa ganin motar ba suna ciyar da iyalinsu a kansa. Wannan ya rage daga Yaya Bawa, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Haƙurinsa ma ya rage, ina ganinsa a wurin Nasiru.

Abin da bai rage ba shi ne la'asar ɗin nan. Na yi zaton abin da na ɓatar masa inji ne, na ƙare ƙuruciyata ina neman abin da zan biya shi da shi. Ashe injin tun a gaɓa ya yafe, da ya yafa mini rigarsa. Abin da na hana shi zama ne kawai, ni a hagu shi a dama, ko motar ba ta zuwa ko'ina. Wannan kuwa ba kasuwar da ake samunsa. Idan kana da wani da ke ce maka ka shigo daga ciki, kana cewa ana jiranka don kunyar wani tsohon laifi, ni dai na gaya maka abin da ya same ni.

Allah Ya gafarta maka, Yaya, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Inna da Baba a gidan rahama. Duk ranakun nan da na ce maka ana jirana, ba kowa ke jirana ba sai kai.